Likkafanin Inna Kande

Ranar wata Juma'a da hantsi Inna Kande ta buɗe adakarta don ta shanya likkafaninta kamar yadda ta saba, ta tarar babu shi. Ta fito da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ta zube a kan tabarma, tsofaffin zannuwa da ƙullin kanwa da carbin marigayi mijinta, sannan ta kife adakar ta girgiza. Ƙamshin turaren da take sa masa yana nan daram, amma shi ko sama ko ƙasa.

'Yarta Kubura tana tsakar gida tana tankaɗe ta ji an kira ta da wata irin murya da ba ta san tsohuwar da ita ba. Tun da mijin Kubura ya rasu ta dawo gidan yayanta Alhaji Sabiru a cikin birnin Daura, ɗaki ɗaya take kwana da uwar, ita ke yi mata wanki da ɗumama ruwan alwala. Ta yar da rariya ta shiga da gudu.

"Kubura, ke kika ɗauke min kayan tafiyata?"

"Ni kuwa Inna, in kai ina?"

Wannan likkafani ba yadin kanti ba ne. Audugar da aka yi shi da ita Inna Kande ce ta noma a bayan gidansu na Baure, ta gurje ta, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari kaɗan-kaɗan tsakanin daka da raino, shekara da shekaru. Da zaren ya taru ta kai wa Ɗantsoho masaƙi ya saƙa mata fari ƙal. Shekarar da ta je Makka ta tafi da shi, ta jiƙa shi da zamzam ta shanya. Ba ta da gona, ba ta da ko akuya, kuma ba ta taɓa roƙon kowa komai ba. Burinta ɗaya ne a duniya: ranar da za a kai ta, a naɗe ta a cikin aikin hannunta.

Kubura ta nufi ɗakin Adawiyya, matar Alhaji Sabiru, ta same ta tana ƙunshi.

"Au, wannan farin tsumman?" in ji Adawiyya, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ai Alhaji ne ya ɗauka shekaranjiya, lokacin da kuka shiga maƙwabta gaisuwa. Asibiti aka kai shi."

Wani sabon asibiti ne wata ƙungiya ta gina a bayan gari, da wani ƙaton zauren shiga mai dogon rufi. Masu ginin sun so a kafa mutum-mutumin uwa da jariri a tsakiyar zauren. To lokacin Shari'a ta kankama a jiha, malamai suka ce atafau, ba mai kafa musu gunki. Sai aka ɗauko wata mai zane-zane daga Zariya, sunanta Sumayya, ta ce a tara mata tsofaffin saƙe-saƙen ƙasar Daura, za ta haɗa su ta rataye daga rufi, mara lafiya ya ɗaga kai ya ga abin da zai sanyaya masa rai. Alhaji Sabiru shi ne shugaban kwamitin mutanen gari na asibitin, kuma idonsa yana kan kujerar ciyaman. Da aka ce a wurin taro an rasa dogon fari na zaren hannu da za a sa a tsakiya, sai ya bugi ƙirji ya ce a gidansa akwai, gobe za a gani.

Bayan la'asar ya dawo, Kubura ta same shi a falonsa yana shan fura. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"To sai me?" in ji shi. "Ke ba kya ganin mugun fata ne mutum yana da ransa ya ajiye likkafani a ƙarƙashin gado? Kullum Juma'a a fito da shi a shanya a tsakar gida, baƙi suna shigowa. Ni ban mutu ba, ban lalace ba. Ranar da ta Allah ta kasance, bandir guda na alawayyo zan sa a kawo."

"Yaya, ba rashin yadi ba ne. Da hannunta ta kaɗa shi."

"Shi ya sa ma ya dace da wurin. Sadakatul jariya na yi mata. Duk wanda ya kalla ya ji daɗi, lada ne a littafinta."

"Ka tambaye ta?"

Ya dire ludayi. "Ita ta aiko ki? In tana da magana, me ya hana ta yi min da bakinta?"

Nan ne muguntar take, kuma ya san abin da yake yi sarai. Sabiru ɗan fari ne, Inna Kande kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan yaron" ko "mai gidan nan". Ba ta haɗa ido da shi, ba ta tambayarsa ko allura. In ya shigo gaishe ta da safe, kanta a sunkuye take amsawa. Wannan kunyar da ake yaba ta da ita, ita ya samu ya lulluɓa. Ya san ko za ta haɗiyi zuciya ta mutu ba za ta tsare shi ta ce ba ni kayana ba.

Kubura ta koma ta gaya mata. Tsohuwar ta ce, "Ki ce wa mai gidan nan, in an gama kallon a dawo min da shi."

Tun daga ranar abinci ya fita ranta. A kawo tuwo ta tsakuri loma biyu ta ture. Ta daina fitowa inuwar darbejiya inda take zama da hantsi. Adawiyya ta ce ruɗun tsufa ne, kakarta ma haka ta yi kafin ta rasu, a ƙyale ta za ta manta. Amma duk wanda ya shigo ɗakin, ko mai tallar goro ce, sai Inna Kande ta dubi hannunsa tukuna kafin ta dubi fuskarsa.

Kubura ta kai ƙara wurin Malam Isyaku, ƙanen mahaifinsu, wanda yake limanci a masallacin unguwa. Shi ne babba a dangi, kuma Sabiru ne ya yi wa makarantarsa rufin kwano. Ya saurare ta yana jan carbi, ya gyara murya.

"Ai Kubura, Shari'a ba ta ce sai wani yadi na musamman ba. Fari mai tsarki, shi ke nan. Wannan ɗora rai a kan wani ƙyalle ma in ba a yi hankali ba sai ya kai mutum ga bidi'a."

"To Baffa, Shari'ar ta ce a buɗe adakar mutum a ɗauki kayansa ba da saninsa ba?"

Carbin ya tsaya. "Ke, ki iya bakinki. Ɗa ne da uwarsa. Wa ya kai ta Makkan? Wa yake ci da ita, yake ci da ke? Je ki ba ta haƙuri."

Haƙuri dai, haƙuri. A gidan nan duk wanda aka zalunta shi ake aika wa da haƙuri, wanda ya yi zaluncin kuwa a kai masa fura.

Wata safiya Kubura ta dawo daga ɗebo ruwa ta tarar da abin da ya sa ta zubar da hawaye. Inna Kande ta aiki wata maƙwabciya ta samo mata auduga, ta tono tsohon mazarinta, ta shafa alli a yatsu, wai za ta sake kaɗa wani. Yatsun da sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwasa su, ko kofi ba sa riƙewa da kyau. Ta murza mazarin ya faɗi. Ta ɗauka ta sake murzawa, zaren ya fito da kauri kamar igiyar guga, ya tsinke. Ta ƙulla, ya sake tsinkewa.

"Inna, ki bari haka nan. Ko kin kaɗa, wa zai saƙa? Ɗantsoho ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa duk acaɓa suke yi."

"Na sani," in ji ta, ta ci gaba da murzawa.

Ranar Kubura ta sa hijabi ta kama hanyar asibitin a ƙasa, ba ta gaya wa kowa ba. Ba a buɗe shi ba tukuna, ma'aikata suna ta fenti. Tana shiga zauren ta ɗaga kai, sai ta tsaya cak. Ga gwado, ga luru, ga baƙin saƙi na rini, ga jan barage irin na kakanni, an yayyanka an haɗa an rataye da siraran igiyoyi, wani sama wani ƙasa, iska tana kaɗa su a hankali. A tsakiyarsu fari guda ɗaya ya sauko dogo, hasken taga yana ratsa shi. Abin ya yi kyau, ba ƙarya, kuma kyan nan ne ya ƙara ƙona mata rai.

Wata matashiya sanye da tabarau ta matso ta yi mata sallama, ta ce ita ce Sumayya mai aikin. Kubura ta nuna sama.

"Wancan farin, likkafanin uwata ne. Tana nan da ranta, kuma ba ta bayar ba."

Sumayya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wallahi Hajiya, cewa aka yi tsohuwar ce ta bayar da kanta, har tana sa albarka. Da na sani ko taɓa shi ba zan yi ba." Idanunta suka ciko. "Amma ban yanka shi ba, ban rina ba. Na ga kyan zaren na kasa sa masa almakashi. Ɗaure shi kawai na yi. A ba ni tsani in kwance, in nemi wani abu in sa a gurbinsa."

Dogon tsanin kuwa yana sito, makullin sito yana hannun kwamiti, kwamiti kuwa Alhaji Sabiru ne. Sumayya ta same shi a ranar. Ya yi mata dariya ya ce ƙanwarsa ce, tun da mijinta ya mutu kanta ba daidai yake ba, kada ta damu, maganar gida ce za su sasanta. Kafin mako ya zagayo aka sallame ta da godiya, ta koma Zariya.

A gida kuwa ba dariya ya yi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana huci, yadda uwar za ta ji.

"Ni za ki je ki tona wa asiri a gaban baƙuwa? In zaman gidan nan ya ishe ki, ƙofa a buɗe take."

Kubura ba ta da inda za ta, ya sani, ita ma ta sani. Sai ta ce, "Yaya, don Allah don Annabi."

"Na ji. A bari a yi bikin buɗewa, manyan baƙi su gani, sai a sauke."

Aka yi biki, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hotuna. Alhaji Sabiru ya tsaya a ƙarƙashin farin da babbar rigarsa yana nuna wa baƙi, yana cewa aikin hannun mahaifiyarsa ne, irin tarbiyyar da suka taso a ciki ke nan. Aka tafa masa. Da Kubura ta tuna masa alkawari, sai ya ce yanzu fa aka nuna a talabijin, a cire tsakiya a bar rami mutane su ce me? A bari bayan Sallah. Sallah ta zo ta wuce, ya ce a bari a gama zaɓen fid da gwani, 'yan adawa ido suka zuba masa. Kullum akwai abin da za a jira, kuma kowanne ya fi tsohuwar muhimmanci.

Inna Kande ta ƙare ta zama kamar kara. Damina ta faɗi, tari ya kama ta, ya sauka a haƙarƙari. Ranar da numfashi ya fara gagararta aka sa ta a mota, kuma ba a kai ta ko'ina ba sai wannan asibitin, don a nan ɗanta yake da faɗa a ji. Aka kwantar da ita rigingine a gado mai taya, nas tana turawa, Kubura tana riƙe da hannunta, Alhaji Sabiru yana gaba tare da likita. Wanda aka kwantar rigingine kuwa ba abin da yake gani sai sama.

Suna tsakiyar zauren ta damƙe hannun Kubura da wani ƙarfi da ba a san tana da shi ba.

"Tsaya."

Nas ta tsaya. Tsohuwar ta ƙura wa farin ido, yana lilo a samanta. Sannan ta juyo da kai, ta dubi ɗanta ido cikin ido.

"Sabiru."

Kubura ta juyo ta dubi tsohuwar. Tun da take ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba. Shi ma ya waiwayo firgigit kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi.

"Sabiru, ka ce in faɗa da bakina. To ga shi na faɗa. Ka sauko min da kayana."

Masu jinya da ke zaune a benci suka zuba ido. Tsohuwa ta yar da kunyar da ta riƙe tun tana yarinya, a gaban mutane, don ba ta da sauran abin da za ta bayar. Ko dutse ne da ya ji tausayi. Alhaji Sabiru ya dubi jama'a, ya dubi likita, ya yi wani guntun murmushi.

"Zafin zazzaɓi ne, likita." Ya sunkuyo. "To Inna, na ji. Gobe in Allah ya kai mu."

Goben ba ta zo ba. Yana zuwa dubiya da rakiyar mutanensa, ya tsaya daga bakin gado ya ce sannu, ya fita. In Kubura ta bi shi baranda sai ya ce ta bari a ji da lafiyarta tukuna, wannan ba lokacin maganar ƙyalle ba ne.

Wata safiya bayan an ɗaura mata ƙarin ruwa, Inna Kande ta yi wa Kubura magana a hankali, ta yi kalmar shahada, ta cika. Kubura ta shafe mata ido, ta ɗaure mata haɓa, ta ja mayafi ta rufe ta. Ba ta tsaya kuka ba. Da aka turo gawar za a fita da ita ta zauren, sai ta sha gaban gadon daidai ƙarƙashin farin, ta tare yayanta.

"Yaya, ga ta, ga shi. Tsani kawai za a ɗauko."

Idanunsa jajur, yana share su da hannun riga. "Mai riƙe da makullin sito bai zo ba."

"A fasa kwaɗon."

"Kina da hankali kuwa? An riga an sanar a masallatai, bayan azahar za a yi jana'iza. Mutane sun taso daga Baure, daga Sandamu, har daga Katsina."

"Su jira. Ita wata nawa ta yi tana jira?"

Malam Isyaku ya matso yana girgiza kai. "Subhanallahi, Kubura! Addini cewa ya yi a gaggauta binne mamaci. So kike a bar gawar uwarki a kwance saboda tsumma? Ki ji tsoron Allah."

Ka ji fa. Mutanen da suka shafe watanni suna cewa a jira, a bari tukuna, a yi haƙuri, yau su ne ba sa iya jiran a ɗauko tsani. Tana da rai ba a yi gaggawa ba, sai da ta mutu aka tuna addini yana son gaggawa. Aka janye Kubura gefe, aka tura gadon ya wuce ta ƙarƙashin likkafanin, aka fita.

Alhaji Sabiru ya cika alkawari ɗaya: bandir guda na alawayyo aka kawo, sabo fil, yana ƙamshin kanti, ya sandare da sitaci. Kubura da tsofaffin unguwa suka yi mata wanka. Kubura ce ta yanke gefen da hatimin kamfani yake, ita ta ɗinka, hawaye suna ɗiga a kan yadin. Aka naɗe Inna Kande a cikin abin da ba ta taɓa gani ba, maza suka ɗauki makara.

Zaman makoki ya yi jama'a. Daga cikin gida Kubura tana jiyo muryar yayanta a zaure yana karɓar gaisuwa, yana gaya wa mutane cewa alhamdulillahi tsohuwa ta bar sadakatul jariya a asibiti, duk wanda ya shiga zai gani. Ana cewa Allah ya ba mu 'ya'ya irinka, Alhaji.

Ranar sadakar uku da yamma, da mutane suka ragu, ya shigo ɗakin tsohuwar. Kubura tana ninke zannuwan da za a rabar. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, babu 'yan rakiya, babu mai tafa masa. Da ya yi magana, muryar ƙasa-ƙasa ta fito.

"Kubura, ke kika tsaya a kanta. Ta bar wata magana?"

"Ta bari."

"Ta ce ta yafe mini?"

Kubura ta ajiye zanen da ke hannunta, ta dube shi sosai.

"Ta yafe min. Ta yafe wa Adawiyya, ta yafe wa Baffa, ta yafe wa maƙwabta, har nas ɗin da ta yi ta sukarta da allura tana neman jijiya. Ni na kawo sunanka, Yaya, don na ji tausayinka. Ta ce kai ma za ta yafe maka, amma ka kai mata kayanta tukuna."

Ya sunkuyar da kai.

"Tsanin yana sito, makulli yana aljihunka," in ji Kubura. "Sai ka san inda za ka kai mata."

Ta sunkuya ta ci gaba da ninki.